Otal ɗin Disney ko otal ɗin wasu kamfanoni a cikin filin Disney: wanne ya fi dacewa da iyalin da ya taso daga Kano?

Magidancin Kano da ya yi niyyar kai iyalinsa Walt Disney World, babban wurin wasanni da shaƙatawa na kamfanin Disney da ke kusa da birnin Orlando a jihar Florida ta Amurka, ko dai don an je bikin kammala karatun ɗa aka ga ya dace a haɗa da yawon buɗe ido, ko kuwa don yara sun daɗe suna roƙo, yawanci zaɓi biyu ake ajiye masa a gaba: ya sauka a otal ɗin kamfanin Disney ya biya da tsada, ko ya fita can cikin garin Orlando ya sami mai sauƙi ya riƙa sintiri kowace safiya. Akwai zaɓi na uku da ba a cika ambatonsa ba, wato otal-otal ɗin da aka gina a cikin filin Disney ɗin kansa amma wasu kamfanoni ne suka mallake su suke kuma gudanar da su. A ganina iyalin Bahaushe ya fi kowa bukatar ya duba wannan zaɓi da kyau, domin mu ba mu tafiya mu biyu ko mu uku, kuma kowace dalar da za mu kashe sai da muka saye ta da naira, a banki ko a wajen 'yan canji na Wapa.

Sai an san girman wurin kafin a gane dalilin da ya sa masauki yake da muhimmanci haka. An buɗe shi ranar 1 ga Oktoba, 1971, kuma faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 100. A ciki akwai manyan dandalin wasa huɗu, kowanne da ƙofarsa, kuma akwai tafiya mai nisa tsakaninsu: Magic Kingdom na 1971, da EPCOT na 1982, da Hollywood Studios na 1989, da Animal Kingdom na 1998. Akwai kuma unguwar kantuna da gidajen abinci mai suna Disney Springs, wadda shigarta kyauta ce. Saboda haka idan aka ce otal yana cikin Disney, ba a gaya maka komai ba tukuna. Wanda ya taɓa yin Umara ya san bambancin masaukin da ake takawa da ƙafa zuwa Harami da wanda sai an tsaya jiran bas, alhali dukansu a Makka suke. Irin wannan lissafin ne ake yi a nan, sai dai wuraren da ake nufa huɗu ne maimakon ɗaya.

Disney tana da otal fiye da 20 na kanta, ta kasa su hawa uku. Na ƙasa su ne irin All-Star da Pop Century da Art of Animation, na tsakiya irin Caribbean Beach da Coronado Springs da Port Orleans, na sama kuma irin Contemporary da Polynesian da Grand Floridian da Animal Kingdom Lodge. Waɗanda ba nata ba kuwa sun kasu gida-gida. Akwai Swan da Dolphin, waɗanda masanin zanen gini Michael Graves ya tsara aka buɗe su a 1990, sannan aka ƙara musu Swan Reserve a 2021, kuma dukansu a ƙarƙashin Marriott ake gudanar da su. Akwai jerin otal-otal na titin Hotel Plaza Boulevard kusa da Disney Springs, inda aka fara gini tun farkon shekarun 1970, kuma a yau akwai Hilton guda biyu, da DoubleTree Suites, da Holiday Inn, da Wyndham Garden, da Renaissance, da Drury Plaza wanda aka buɗe a 2022. Four Seasons na 2014 ma yana cikin filin, amma tsadarsa ta kai ta manyan otal-otal na Disney ko ta wuce, don haka wanda zai iya biyansa ba ya bukatar dogon lissafi. Shades of Green kuwa an keɓe shi ne ga sojojin Amurka da ma'aikatan ma'aikatar tsaronta da iyalansu. Na yankin Bonnet Creek, irin Waldorf Astoria da Signia da JW Marriott, filin Disney ya kusan kewaye su amma ƙasar da suke kai ba tata ba ce.

Abin da ya fi damun iyalinmu shi ne yawan kawuna a ɗaki ɗaya. A Amurka kowane ɗaki yana da adadin mutanen da aka yarda su kwana a ciki, kuma ba a yin ciniki a kan wannan, ba a kuma cewa yaro ai ƙarami ne a shimfiɗa masa a ƙasa, in ban da jaririn da bai kai shekara 3 ba wanda ake ba shi gadon jarirai. Ɗakin otal ɗin Disney na hawan ƙasa mutum 4 yake ɗauka, kuma faɗinsa bai wuce kimanin murabba'in mita 24 ba, wato da an shigo da akwatunan mutum huɗu wurin ya cika, har shimfiɗa dardumar salla sai an matsar da kaya. Miji da mata da yara uku sun riga sun wuce ƙa'ida. Mafita a wajen Disney ita ce a kama ɗaki biyu, ko a hau zuwa wasu ɗakunan hawan tsakiya masu ɗaukar mutum 5, ko a kama ɗakin iyali na Art of Animation ko All-Star Music mai ɗaukar mutum 6, mai banɗaki biyu da ɗan wurin ɗumama abinci. Waɗannan ɗakunan iyali suna da kyau ƙwarai, sai dai kuɗinsu yakan kusanci na ɗaki biyu. A DoubleTree Suites kuwa kowane masauki ciki da falo ne, yana ɗaukar har mutum 6, da firiji da na'urar ɗumama abinci, kuma sau da yawa kuɗinsa yana ƙasa da na ɗakin iyalin Disney. Ga gidan da ya taho da Hajiya babba, ko da 'yan mata da samari da suka fara girma, ƙofar da ke tsakanin ciki da falo tana da daraja ta fuskar kunya da sutura wadda farashi ba ya nunawa. Rauninsa shi ne banɗaki ɗaya ne, kuma mutum shida da alwalar asuba da wankan safe a banɗaki ɗaya yana cin lokacin da ake son a fita da wuri.

A kan kuɗi ne aka fi yaudarar mai saye, kuma dole a faɗi gaskiya cewa otal-otal ɗin da ba na Disney ba su ne suka fi wannan hali. Farashin da ake gani a shafin farko ba shi ne abin da za a biya ba. Yawancinsu suna ƙara wani kuɗi na tilas a kan kowane dare, wanda ake rubutawa a takardar biya da sunan resort fee, ko ka shiga wurin ninkaya ko ba ka shiga ba, kuma a wasu yakan kai dala 40 ko fiye. Idan an yi hayar mota, ajiye ta ma da kuɗi a kowane dare. Otal-otal ɗin Disney ba sa karɓar wancan kuɗin tilas, kuma tun Janairun 2023 suka daina karɓar kuɗin ajiye mota daga baƙinsu, sannan baƙonsu yana ajiye mota kyauta a ƙofar kowane dandali. A ɗauka, don misali kawai, an ga ɗaki a kan dala 170 a wani otal na titin Hotel Plaza, aka ga na Disney a kan dala 230. Idan aka ɗora dala 40 ta tilas da dala 30 ta mota a kan na farko, ya zama 240, ya riga ya wuce wanda aka guje wa. Harajin otal kuma yana hawa kan kowa, kashi 12.5 cikin ɗari a gundumar Orange inda mafi yawansu suke, da kashi 13.5 a gundumar Osceola inda otal-otal ɗin All-Star suke. Saboda haka kada a kwatanta komai sai an kai shafin ƙarshe na biya, an ga jimillar kwanakin duka. Wanda ya ba wakilin tafiye-tafiye aikin ya nemi a rubuta masa wannan jimillar, tare da abin da ya rage za a karɓa a teburin karɓar baƙi ranar sauka.

Inda Disney ta yi wa kowa zarra shi ne sufuri, kuma wannan shi ne ainihin abin da kuɗinta yake saya. Bas ɗinta kyauta ne, yana zuwa kowane otal nata kusan kowane minti 20 tun kafin a buɗe dandali har bayan an rufe, kuma yana sauke mutum a bakin ƙofar Magic Kingdom. Manyan otal uku na gefen tafkin Magic Kingdom suna kan layin Monorail, jirgin ƙasa mai tafiya a sama a kan dogo ɗaya. Pop Century da Art of Animation da Caribbean Beach da Riviera kuma suna kan Skyliner, akwatunan ɗaukar mutane masu tafiya a sama a kan igiyar ƙarfe, waɗanda aka buɗe a Satumban 2019, suna kai mutum EPCOT da Hollywood Studios. Uwa mai ƙaramin yaro za ta ga amfaninsu tun ranar farko, domin ana tura keken jariri a shiga da shi a miƙe, alhali a bas sai an ta da yaron da ya yi barci an naɗe keken. Ana dakatar da Skyliner idan ana walƙiya, kuma walƙiyar la'asar ba baƙuwa ba ce a daminar Florida, amma a lokacin sukan kawo bas a madadinsa.

Otal-otal ɗin titin Hotel Plaza ba sa cikin wannan tsari. Kowanne da motar jigilarsa, mai tashi a kan jadawali, wani lokaci sau ɗaya a awa, wasu ma sai an kama wuri tun da wuri. Abin da ya fi ciwo shi ne Magic Kingdom: motar da ba ta Disney ba tana tsayawa ne a tashar da ake kira Transportation and Ticket Center, a ƙetaren tafki, daga nan sai a hau Monorail ko jirgin ruwa kafin a isa ƙofa. Da safe wannan abin sha'awa ne ga yara. Da dare bayan wasan wuta, lokacin da dubban mutane suka fito a tare, yara sun gaji, Hajiya ƙafa ta kumbura, ƙarin hawa ɗaya da jiran mota mai jadawali yana iya cin awa guda cur. Kada kuma a yi zaton za a taka zuwa Disney Springs a hau bas ɗin Disney zuwa dandali da safe, domin bas ɗin can otal-otal yake zuwa. Iyalin da ya zaɓi wannan titin ya sa kuɗin Uber ko hayar mota a lissafinsa tun daga Kano. Daga filin jirgin Orlando kuwa kowa da kansa yake zuwa, tun da Disney ta dakatar da motar ɗauko baƙi kyauta a farkon 2022.

Swan da Dolphin su ne suka sa na ce wannan zaɓi na uku ya cancanci a tsaya a kansa. Suna zaune a gefen tafki ɗaya da BoardWalk da Yacht Club da Beach Club, waɗanda suke cikin mafi tsadar otal-otal ɗin Disney, kuma daga ƙofarsu ana takawa da ƙafa zuwa ƙofar baya ta EPCOT, ana kuma takawa zuwa Hollywood Studios, ko a hau ƙaramin jirgin ruwan Disney kyauta zuwa kowanne. Ma'anar wannan a aikace ita ce idan rana ta take, ana iya komowa ɗaki a yi azahar da la'asar a kan lokaci, yara su yi barci, a ci abinci, sannan a koma da yamma ba tare da jiran mota ba. A watan Yuli da Agusta, lokacin dogon hutun makarantunmu, wannan hutu na tsakar rana ba ƙaramin abu ba ne, domin zafin Florida mai gumi ne, ba irin busasshen zafin Kano na watan Afrilu da jikinmu ya saba da shi ba. Kuɗinsu, ko bayan an ɗora na tilas, yawanci yana ƙasa da na maƙwabtansu na Disney. Amma a san cewa manyan otal-otal ne na taruka, Dolphin kaɗai yana da ɗakuna kusan 1,500, don haka farashi yana hawa da sauka gwargwadon taron da ake yi a makon, kuma yaron da ya zo da tsammanin ganin zanen 'yan wasan Disney a kowane bango ba zai samu ba. Zuwa Magic Kingdom da Animal Kingdom kuma sai a mota, kuma wannan ɓangaren bai kai na Disney daɗi ba. Iyalin da yaransa sun haura shekara goma, masu son manyan lilo na Hollywood Studios da zagayen ɓangaren EPCOT da aka kwaikwayi ƙasashen duniya daban-daban, nan ne wurinsu. Wanda duk burin 'yarsa mai shekara biyar shi ne ta ga fadar Magic Kingdom kowace rana, ya sake tunani.

Sai batun gatan da ake ba baƙon otal a cikin dandali. Baƙin Disney suna shiga minti 30 kafin sauran jama'a kowace safiya, kuma an ba da wannan gata ga Swan da Dolphin da Swan Reserve da Four Seasons da otal-otal ɗin titin Hotel Plaza da wasu na Bonnet Creek, bisa yarjejeniyar da ake sabuntawa, don haka a tabbatar da shi a shafin otal ɗin kafin a biya. Minti 30 yana da ƙaranci a ido, amma a wannan lokacin ne layin manyan wasanni yake gajere. Mu kuma muna da sa'a a nan, domin agogon Najeriya yana gaban na Florida da awa 5 a lokacin zafi da awa 6 a lokacin sanyi, saboda haka a kwanakin farko yara da kansu suke farkawa tun kafin asuba. Sai dai gatan ba shi da amfani idan motar otal ba ta tashi da wurin da za ta kai mutum ƙofa kafin lokacin ba, kuma wannan tambaya ce da ya kamata a yi wa kowane otal na titin Hotel Plaza. Akwai kuma ƙarin awoyin dare a wasu ranaku, wanda na baƙin manyan otal-otal ɗin Disney ne da na Swan da Dolphin da Swan Reserve; baƙon Pop Century ko All-Star bai da shi duk da yana otal ɗin Disney. Haka nan tsarin Lightning Lane, inda ake biyan kuɗi a kama lokacin shiga wasa ta gajeren layi: baƙin Disney da na Swan da Dolphin da Swan Reserve suna zaɓa kwana 7 kafin zuwansu, sauran mutane kwana 3.

Abinci shi ne inda titin Hotel Plaza yake rama abin da ya rasa a sufuri. Yana bakin iyakar filin Disney ta gabas, kusa da babban titi mai lamba 535, inda akwai manyan kantunan cefane da gidajen abincin halal, kuma masallacin Islamic Center of Orlando da ke Ruby Lake Road yana 'yar tafiya kaɗan a mota, abin da ke sauƙaƙa wa maigida sallar Juma'a. Wanda ke can ciki a All-Star ko Animal Kingdom Lodge ba tare da mota ba, kusan duk abin da zai ci sai daga kantin Disney da farashin Disney. Gidajen abincinta na zama sukan shirya abincin halal idan an sanar da su tun da wuri, kuma kifi da kayan lambu suna samuwa, amma ciyar da mutum shida haka sau uku a rana na mako guda kuɗi ne mai yawa. An yarda a shiga dandali da abincin da aka taho da shi muddin ba a cikin kwalba yake ba, saboda haka firiji da na'urar ɗumama abinci a ɗaki suna rage kashe kuɗi sosai. Drury Plaza yana ba da karin kumallo mai zafi kyauta da kuma ɗan abincin yamma da ƙarfe 5:30, wanda ga babban iyali ya isa ya sauya lissafin gaba ɗaya, amma a lura cewa akwai naman alade a cikin abin da ake jerawa kuma ana raba giya a zaman na yamma, don haka a tambayi ma'aikata a tsaya kan ƙwai da burodi da 'ya'yan itace da abin da aka tabbatar. Tsarin biyan kuɗin abinci a dunƙule na Disney, wanda ya dawo a 2024, na baƙin otal ɗinta ne kawai, kuma ban ga ribarsa ga wanda ba zai ci rabin abin da ke cikin jerin ba. Kada kuma a ɗauko kilishi ko dambun nama daga gida da niyyar rage wannan nauyi, domin kwastan na Amurka ba sa barin shigar da nama irin wannan, kuma duk abincin da ke cikin kaya wajibi ne a bayyana shi a filin jirgi.

Da za a tambaye ni, iyali mai mutum huɗu da ƙananan yara, zuwan farko, kwana huɗu ko biyar, ba mota, na fi son su sauka a Pop Century, domin kwanakin sun yi kaɗan a ɓatar da su a tashar mota. Da zarar kawuna sun kai shida, ko kwanakin sun kai mako, ko akwai ɗan'uwa mazaunin Amurka da zai zo da motarsa, DoubleTree Suites ko Drury Plaza sun fi, kuma kuɗin da aka rage ya isa ya biya Uber a daren da aka tsaya kallon wasan wuta. Wanda yake tunanin biyan otal ɗin Disney na hawan tsakiya kuwa, ya fara duba farashin Swan da Dolphin na ranakun nan, domin wani makon bambancin kaɗan ne, wurin zama kuma ba a haɗa su ba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa da ke yawan sauka a Marriott ko Hilton a Dubai da Guangzhou ya duba makin da ya tara a asusunsa na Bonvoy ko Honors, domin ana biyan ɗaki da shi a otal-otal ɗin Marriott da Hilton da ke nan, abin da ba ya yiwuwa a na Disney.

Ko wanne aka zaɓa, kada a biya farashin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta shiga hannu, domin dokokin bizar Amurka ga 'yan Najeriya sun tsananta tun 2025, kuma babu jirgi kai tsaye daga filin Malam Aminu Kano, wanda ke nufin jinkiri a zango ɗaya yana iya cinye daren farko. Dunƙulen ɗaki da tikiti na Disney ana kama shi da dala 200, a cika sauran kwana 30 kafin zuwa, yayin da Marriott da Hilton suke da farashi mai ɗan tsada wanda ake iya sokewa 'yan kwanaki kafin ranar, kuma shi ya kamata a ɗauka, musamman daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwar teku a Florida. Ranar sauka kuma otal yakan riƙe wani adadi a katin baƙo a matsayin jingina, kuma idan katin asusun dala ne na cire kuɗi kai tsaye, sakin wannan kuɗi yana iya ɗaukar kwanaki bayan an bar otal, don haka a bar rara a cikin asusun, a kuma riƙe kati na biyu a hannun uwargida.